Takardar da Na Cika wa Mama

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku rufin asiri, ya raya zuri'a, ya sa nisan da aiki ya kai ku ya zama alheri. Mu nan muna nan yadda kika bar mu. Zafi ya sa kowa ya tuna yana da matacciyar fanka a ƙarƙashin gado, don haka shago bai rasa aiki ba. Kawu ya zo makon jiya da sababbin haƙoran roba, yana ta murmushi ko ba a ce komai ba. Goggo kuma ta yi jika namiji, ƙato, wai da kakansa yake kama, Allah ya sa ba a hali ba.

Na san za ki ce me ya sami Auta yau, mutumin da ko saƙon waya sai ya yi masa rowar kalmomi. Maganar ce ba ta faɗuwa da baki. Sau uku ina kiran ki da niyyar in faɗa, sau uku muna ƙarewa a hirar makarantar yara. Shi ya sa na zauna a shago na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo miki yanzu. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi mini faɗa.

Kin tuna mako uku da suka wuce na ce miki na kai Mama asibiti, aka ce ciwon mafitsara ne, aka ba ta ƙwayoyi na kwana biyar. Abin da ban gaya miki ba shi ne takardar da aka haɗo mu da ita. Tambayoyi takwas ne a kanta, kowace da gurbi huɗu a gabanta: babu, kaɗan, da dama, mai tsanani. Ranar farko wata nas mai tabarau ce ta cika ta da Mama, bayan ta kore ni waje ta rufe ƙofa. Da ta fito ta yi mini bayani cewa da wannan takarda likita zai gane ko maganin yana ci, a sake cika irinta a rana ta uku da ta bakwai, in alamomin sun tafi shi ke nan, in ba su tafi ba a yi gwajin fitsari a canza magani. Ta tambaye ni ko akwai mace a gida da za ta riƙa karanta wa Mama, tunda ba ta karatun boko. Ni kuwa da rawar kai na ce ai ni ne macen gidan, ni ne namijin. Har dariya ta yi. Baki dai shi ke yanka wuya.

A rana ta uku na ɗauki biro na shiga ɗakinta, na zauna a bakin gado tana ninke kaya. Tambayar farko, ko tana yawan zagayawa, ta ce kaɗan. Ta biyu ma haka. Da na zo ta uku, wadda ke tambayar zafi a lokacin yin fitsarin, sai na sunkuyar da kai na fara karantawa ƙasa-ƙasa. Mama ta juya fuskarta bango, ta ce babu tun ban kai ƙarshen layin ba. Daga nan duk wadda na fara sai ta tare ni da babu. Yaya, ga inda laifina yake. Tambaya ta bakwai a kan jini take, ta takwas kuma a kan wani ruwa da kan fito wa mata. Da ido na karanta su, bakina ya ƙi buɗuwa. Na sa musu babu da hannuna, na ce mata mun gama. Ta sa mini albarka, na fita ina share gumi, kowannenmu yana jin an sauke masa kaya. A rana ta bakwai ko zama ban yi ba. Daga bakin kicin na tsaya, tana juya miya tana cewa babu, ni ina ja da biro.

Da muka koma, nas ɗin ba ta nan. Likita ya jera takardun uku a kan tebur, ya ga maki ya sauko daga goma sha biyar zuwa biyu, daga biyu zuwa sifili. Ya yi murna, ya ce magani ya yi aiki, ba sai an yi wani gwaji ba. Ya tambayi Mama ko akwai sauran damuwa, ina tsaye a kanta riƙe da jakarta, ta girgiza kai. Ban ga laifinsa ba, ga layi har bakin ƙofa, kuma abin da aka ba shi ya karanta. Ni da kullum nake yi wa masu kawo gyara tsiya, mutum ya ce jiya-jiya fankarsa ta tsaya, in na buɗe in tarar ta yi wata tana ƙonewa, sai ga shi na yi wa likita abin da ya fi haka.

Kin san ƙofar banɗakinmu da kukan nan nata, wadda shekara biyu kina cewa in sa mata mai. Daga kan teburin aikina nake jin ta, tunda ƙofar tsakiya ce kawai tsakanin shago da gida. Wata rana na ƙirga, daga karin safe zuwa azahar sau goma sha ɗaya ta yi kuka. Sai na fara lura da sauran abubuwa. Mama ta ɗauke kujerarta daga bakin titi, inda take zama tana amsa gaisuwar masu wucewa, ta mayar da ita lungun nan mai duhu kusa da banɗaki. Shayi rabin kofi take sha. Ruwa kuwa sai na tsaya a kanta take kurɓa, leɓunanta duk sun bushe, don a ganinta in ba ta sha ba ba za ta zagaya ba. Alwala ɗaya ba ta kai ta ko'ina, wani lokaci tana kan darduma za ta sallame ta tashi da sauri. Ba ta je ganin jikan Goggo ba, ta ce wai ƙafa ce. Matar da ba ta iya yini ba ta leƙa gida uku ba, yanzu duniyarta taku takwas ce, daga gado zuwa waccan ƙofa. Ranar Litinin na shigo ɗaukar abu na gan ta ta fito tana dafe da bango, idonta a rufe, ta ciji leɓe. Da ta ji motsina ta miƙe tsaye ta hau tambayata ko na ci abinci.

Na yi ta maza na ce mata mu koma asibiti. Sai ta jawo jakarta ta zaro takardar, don likita ya bar mata ta ƙarshen, ta miƙo mini. Ta tambaye ni rubutun wane ne a jiki. Ta ce likita da iliminsa ya ce ta warke, ko ni mai gyaran fanka na fi shi sani ne. Yaya, ban taɓa jin an ɗaure ni da igiyar da na tufka da hannuna irin ranar ba. In na ce takardar ƙarya ce, na ce uwata ta yi ƙarya. In na yi shiru, ina ji ina gani tana ƙarewa a lungu. Gaba kura, baya sayaki. Har baƙi take nuna wa takardar, Kawu ma ya riƙe ta a juye ya ce madalla.

Na nemi mace ban samu ba. Na ce a kira maƙwabciyarmu, wadda kike kira Gidan Rediyo, Mama ta ce in na kuskura ta ji maganar mararta a bakin famfo, sai dai in nemi wata uwar. Goggo tana can tana fama da mai jego, kuma kin san tsakaninsu sai a hankali. Aure kuma da kuke ta yi mini gori a kai, yau na yarda kun fi ni gaskiya, sai dai ba a yin sa cikin kwana biyu. Kwanakin nan ko aiki ba na iyawa. In ƙofar ta yi kuka sai in ajiye abin da ke hannuna in jira ta sake yi, in san ta fito lafiya. Ba na iya nisa da shago, ba na kuma iya shiga in tambaye ta. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Jiya na rufe shago na je na sami nas ɗin, na faɗa mata komai, har biyun da ban karanta ba. Ta cire tabarau ta kalle ni, na ce yau na shiga uku. Amma ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba ni ne farau ba, takarda abin da aka gaya mata kawai ta sani, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, da na faɗi gaskiya tun ranar da ta tambaye ni da ta sa an riƙa kiran Mama a waya. Ta ce ko dai ƙwayar cutar ba ta jin wancan maganin, ko ta dawo, gwaji ne zai raba gardama. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne da ta ce in aka bar shi yana iya hawa sama ya taɓa ƙoda, kuma in aka ga zazzaɓi ko ciwo a kwiɓi kada a jira komai. Ta ba ni sabuwar takarda, ta ce yau tana bakin aiki daga ƙarfe huɗu na yamma.

Yau da safe bayan ta karya ta shiga ɗaki, na bi ta na ja ƙofar na rufe daga waje. Na zauna a ƙasa na jingina bayana da ƙofar. Na ce mata ba sai ta yi magana ba, ba kuma sai ta ga fuskata ba. Na ce ta ɗauki cokalin shayinta, in na karanta ta ƙwanƙwasa ƙofar: sau ɗaya kaɗan, sau biyu da dama, sau uku mai tsanani, in babu ta yi shiru. Ta ce wannan wane irin wasan yara ne. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na fara karantawa da irin muryar masu labarai, kamar ba ni ba. A tambayar farko shiru ya yi tsawo har na ɗaga biro zan sa babu. Sai na ji cokali a jikin katako, daidai bayana, sau uku. Ta biyu sau uku. Ta zafin nan ma sau uku, na ƙarshen a hankali kamar ba ta so ya fito. Ta ciwon mara sau biyu. Da na zo ta kwiɓi, ta buga sau ɗaya. Ban san lokacin da hawaye ya ɗiga a kan takardar ba.

Ta bakwai da ta takwas na karanta su da ƙarfi, kalma bayan kalma, ko da yake kunnuwana kamar za su kama da wuta. Ba ta buga ba. Can na ji gado ya motsa, ta ce waɗannan biyun 'yarta za ta gaya wa. Ta ce za ta bi ni asibitin, amma sai ta yi magana da ke tukuna. Na miƙe zan tafi ke nan ta kira ni ta bayan ƙofar, ta ce in yafe mata, ta sa ɗanta ya rubuta ƙarya da hannunsa ya kai wa likita. Na buɗe baki in ce mata biyu daga ciki nawa ne ni kaɗai, ko tambayar ta ban yi ba, amma na kasa. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ban da nas ɗin, ke kaɗai na iya gaya wa.

To ga abin da nake roƙo. Ki kira ta kafin ƙarfe uku, don na yi magana da mai tasi zai zo uku da rabi. Hoton takardar yana biye da wannan, gurbi biyu na ƙasa a buɗe na bar su. Ki tambaye ta kai tsaye, kada ki yi mata kwana-kwana, kuma in ta ce babu da sauri ki sake tambaya. Ba sai kin gaya mini amsar ba. Zan ba nas lambarki ta kira ki da kanta, ta rubuta. Ki kuma ce mata ta sha ruwa, ke tana jin maganarki.

Ki gaida mini maigidanki da kyau, ki ce ina godiya da haƙurin da zai yi da kiran da za ki riƙa yi kwanakin nan. Ki gaida Babban Yaya in kun yi waya, amma kada ki tayar masa da hankali sai mun ji sakamakon gwaji. Ki shafa mini kan Sarkin Surutu da Mai Kumatu, ki ce wa takwarar Mama ta yi wa kakarta addu'a. Kawu da Goggo suna gaishe ku. Allah ya ba Mama lafiya, ya bar mana ita, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wayar Mama tana kan matashinta, na cika mata caji na ƙure ƙarar. In kin kira zan ja ƙofar tsakiya in kunna rediyo a shago, ki gaya mata ba na ji.

Ƙaninki mai jiran kiranki,
Auta