Jar Riga a Filin Tillery

Kwalejin Tillery, Alabama
11 ga Satumba, 1984

Zuwa ga Gwaggo Ozella,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina lafiya, ƙafar nan kuma ta yi sauƙi. Ni lafiya lau nake, sai dai yunwa, don abincin makarantar nan ba ya zama a cikin mutum.

Gwaggo, kakar ƙwallon zari-ruga ta bana mun shige ta da ƙafar dama. Mun bi Brantley har gida mun ci su 21 da 7, ranar Asabar kuma muka lallasa Oakmont 28 da 10 a namu filin. Koci Bascom, wanda shekara uku ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya yi dariya har sai da muka tsorata.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar 17 ga Nuwamba za mu yi wasanmu na ƙarshe a gida, da Marbury. Kafin a fara, duk ɗan wasan da zai gama karatu a bana za a kira sunansa a lasifika, ya taka zuwa tsakiyar fili tare da iyayensa, ya miƙa musu fure. Mu goma sha ɗaya ne. Kowa ya riga ya san wanda zai raka shi, sai ni. Na san ra'ayinki game da ƙwallo, amma ba ni da kowa sai ke. Don Allah ki zo.

Ki gaishe mini da dattijon cocinmu Dikin Pruitt da sauran mutanen coci.

Ɗanki mai biyayya,
Wendell


Cotter's Ferry
19 ga Satumba, 1984

Wendell,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na karanta. Ƙafa tana nan yadda ka bar ta, ba ta tafi ko'ina ba.

Na ji kun ci. Madalla. To kai me ka ci? Shekara huɗu kana wannan wasa, da bakinka ka gaya mini ko sau ɗaya ba a taɓa miƙa maka ƙwallon ba. Aikinka ka kifa hular kwano a ka, ka sunkuya kamar mai neman allura a ƙasa, ka bangaje ƙaton da ke gabanka don wani ya wuce a guje a tafa masa. Wannan ai ko saniyar Dikin Pruitt za ta iya, kuma ita tana ba da madara.

Batun zuwa, kada ka sa rai. Ni na ɗauko ubanka daga fili a bayan akori-kura, gwiwarsa ta juya baya, yana ɗan shekara goma sha tara. Har ya koma ga Ubangiji bai sake taka ƙasa daidai ba. Ranar na ce ƙafata ba za ta ƙara shiga filin ƙwallo ba, kuma ka san ni da magana. Na bar ka ka yi ne don shi ya buɗe maka ƙofar karatu, ba don ya burge ni ba.

Na aiko maka da burodin masara da kek ɗin dankali ta hannun direban bas. Ka ci kai kaɗai, ban toya don ƙattin Bascom ba.

Ubangiji ya tsare mini kai.

Gwaggonka,
Ozella Gaskin


Kwalejin Tillery
16 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga Gwaggo Ozella,

Bayan gaisuwa da ladabi, na gode da saƙo. Kek ɗin bai kai minti biyar ba. Ki yafe mini, ƙattin Bascom hanci gare su.

Kin ji mu shiru, kunya ce. Mun je Dunmore sun yi mana dukan tsiya, 35 da 3. Mako na gaba kuma Selby suka ƙwace mana wasa saura minti ɗaya. Koci ya mayar da haƙoransa inda ya saba ajiye su.

Amma Gwaggo, da kin ga na wannan Asabar. Ruwa aka wuni ana yi, fili ya zama kunu, ba ka gane namu da nasu sai mutum ya yi magana. Ƙwallo ba ta jefuwa, sai dai a rungume ta a kutsa. Koci ya ce, "Ku bi bayan Gaskin." Sau goma sha huɗu a jere suna bin bayana, har muka shiga gidansu da ƙwallon. Mun ci Harmon 13 da 6. Saniyar Dikin ta yi aiki ranar.

Gaskiyarki, ba a kiran sunan irina. Shekara huɗu lasifikar filin nan ba ta taɓa faɗin Wendell Gaskin ba, kuma ban damu ba. Ranar 17 ce kaɗai za ta faɗa, sau ɗaya. An ba mu takarda mu rubuta sunan mai raka mu, mai sanarwa yana son ta kafin ƙarshen wata. Tawa tana cikin littafina ba komai a kanta. Matar Koci ta ce ita za ta raka ni in babu kowa. Mutuniyar kirki ce, amma ba ita ta yi ta goyona zuwa asibiti ba lokacin da nake fama da asma.

Ina gaida kowa.

Ɗanki,
Wendell


Cotter's Ferry
24 ga Oktoba, 1984

Wendell,

Gaisuwa. Ina lafiya, ina fatan kai ma haka.

Wasanku na cikin ruwa na ji shi. Ba ni na kunna rediyo ba, na Dikin Pruitt ne ke shigo mini ta taga. Mutumin da ke surutu a ciki ya kira sunan kowa, har da na wanda ya zame ya faɗi shi kaɗai, bai kira naka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ƙona wake.

Matar Bascom ta riƙe kirkinta. Ina raye wata ba za ta karɓi furen gidan Gaskin ba. Ban ce zan zo ba. Na dai je gari na yanko yadi, don dama ina bukatar sabuwar riga, da hula da za ta dace da ita. Ka rubuta abin da za ka rubuta a takardar taka kafin su rufe.

Ubangiji ya kiyaye gwiwoyinka.

Gwaggonka,
Ozella


Kwalejin Tillery
12 ga Nuwamba, 1984

Gwaggo,

Gaisuwa mai tarin yawa. Tsakanin gidanki da na Dikin Pruitt akwai gonar auduga guda da rafi. Lallai rediyon nasa yana da murya.

Mun ƙara cin uku a jere, yanzu muna da nasara shida, an ci mu biyu. Saura Marbury, waɗanda rabonmu da cin su shekara tara. Garin nan ba mai maganar komai sai su. Mai aski ya ce in muka ci zai yi wa kowa aski kyauta, in aka ci mu kuma kada mu bi ta ƙofarsa.

Bas ɗin safe yana isowa ƙarfe goma sha ɗaya. Ki zo ƙofar gabas ki faɗi sunana, akwai mai jiran ki. Na miƙa takarda. Murna ta hana ni cin abinci, kin kuwa san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗanki,
Wendell


Cotter's Ferry
20 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga ƙanwata Verlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya sanyin Chicago, yaya maigidan da yara? Ki nemi wuri ki zauna, yayarki ta yi abin kunya a gaban mutum dubu bakwai, kuma ba ta yi nadama ba.

Na je wasan Wendell. Kada ki ce komai. Na ɗinka riga ja wur, da jar hula mai faɗin baki, irin jan da marigayiya mahaifiyarsa take so. Na duba madubi na ce ko matar gwamna sai haka. Ashe Verlene, launin Tillery kore ne. Ja na Marbury ne, abokan gabarsu. Duk jihar Alabama kowa ya san wannan, har jarirai, ban da ni. Shi kuma sakaran bai gaya mini ba, don a ganinsa ai ba a gaya wa mutum abin da kowa ya sani.

Bas ya makara, na manta wace ƙofa ya ce. Na nufi ta farko da na gani. Mai gadin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mama, naku wajen can ne, ki zagaya." Na ce yaron nan akwai tarbiyya. Na zagaya na tarar da jama'a kowa da ja, na ce a raina ashe na iya zaɓen yadi. Wata mata mai jiki, Earline, ta matsa mini, ta buɗe kwando ta miƙo mini cinyar kaza.

Ta ce, "Yaya, naki lamba nawa?"

Na ce, "Saba'in da huɗu."

Ta ce, "Ikon Allah. Saba'in da huɗu ai ɗan ƙanwar mijina ne. Ke ta wane ɓangaren ce?"

Na ce, "Ni na raine shi tun yana shekara huɗu, ban kuwa taɓa ganin ki ba."

Muna cikin wannan musu, kowa na kallon ɗaya a matsayin maƙaryaciya, lasifika ta fara kiran sunaye. Na hango su can ƙetaren fili, ƙatti cikin kore, kowa da iyayensa a gefe. Na bakwai yana tsaye shi kaɗai da fure a hannu, yana ta waige-waige. Ko a cikin dubu na san wannan tsayuwar, ta ubansa ce.

Earline ta kama hannuna ta ce, "Wayyo yaya, ashe ke ta can ce. Wa ya kawo ki cikinmu?"

Na sauko ina dogara sandata. Wani ɗan sanda ya tare ni wai ba a shiga. Na ce, "Ɗana, matsa, ko na bi ta kanka." Ya matsa.

Filin nan faɗi gare shi, ƙafata kuma kin san ta. Da 'yan Tillery suka ga jar riga ta doso su, suka fara ihu, sun zaci tsokana Marbury suka aiko. Na ji wani yana cewa, "Tsohuwa, kin ɓata hanya!" Sai Wendell ya gane ni. Ya cire hular kwano ya taho, ba gudu ba, a hankali, dariya yake yi hawaye na zuba. Masu gangar badujala suka fara buga mini daidai takuna, in na ɗaga sanda su jira, in na dire su doka. Kafin mu haɗu a tsakiya, ja da kore duk sun miƙe suna tafi.

Ya ce, "Gwaggo, duk yadin da ke kasuwa?"

Na ce, "Rufe mini baki ka ba ni furena."

Matar Bascom ta zo da koren bargo za ta rufa mini, wai in zauna wajensu. Na ce a'a, jakata tana hannun Earline, kuma ban gama cin kazar mutane ba. Can na koma. Duk lokacin da kore suka matsa gaba sai in miƙe ni kaɗai cikin ja ina kaɗa hula, Earline na jan rigata tana cewa, "Zauna yaya, za ki sa a kore mu duka." Ban gane dokar wasan ba har yanzu. Na dai sa ido a kan saba'in da huɗu, na ga duk inda ya dafa sai hanya ta buɗe. Duk faɗuwar da ya yi sai in damƙe hannun Earline, duk tashin da ya yi sai in gode wa Ubangiji. Su Wendell suka ci 17 da 16. Earline ta yi kuka, na ba ta hankicina, ta ce in zo musu Kirsimeti.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ina tsakiyar fili mai lasifika ya maimaita sanarwar, na ji ta sarai. Cewa ya yi, "Wendell Gaskin, tare da mahaifiyarsa, Ozella Gaskin." Verlene, ni da ban taɓa haihuwa ba. Na kasa tambayar yaron ido da ido.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayarki,
Ozella


Cotter's Ferry
21 ga Nuwamba, 1984

Wendell,

Gaisuwa. Na iso gida lafiya, fure yana cikin kwalba a kan tebur. Kun yi ƙoƙari, kuma na ga aikin naka, ba na saniya ba ne.

Ka gaya wa mai lasifikar nan ya riƙa duba takarda da kyau. Ya yi kuskure wajen faɗin abin da nake a gare ka, a gaban jama'a.

Gwaggonka,
Ozella


Kwalejin Tillery
26 ga Nuwamba, 1984

Mama,

Gaisuwa da ladabi. Mai lasifika bai yi kuskure ba. Abin da na rubuta masa ya karanta.

Ina nan tafe ranar Juma'a a bas ɗin yamma. Ki dafa da yawa.

Ɗanki,
Wendell