'Ya'yan Fari Ba Su Cikin Littafinku

Zuwa ga Shugaban masu allurar rigakafin yara na ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki. Ni Tumba ce, ungozoma, daga wani ƙauye kan hanyar Bukkuyum. Ban yi boko ba, faɗi nikai ana rubutawa, don maganar ga ta hana ni cin tuwo.

Na farko. Bayan Sallar Layya kunka aiko malami da babban littafi shi rubuta yaranmu, don gwamnati ta san yawan allurar ƙyanda da za ta aiko. Mai gari yas sa ni in shiga da shi gidaje, tunda ni na yanke cibiyar yaran. Na bi shi kwana ukku, ban nemi ko goro ba.

Na biyu. Malamin nan uwa kaɗai yaka tambaya, yara nawa gare ta. Ranka shi daɗe, mu nan mace ba ta lissafa ɗan fari. Kunya ce. Ba ta faɗin sunanshi, ba ta kallon shi gaban mutane, in an yaye shi kaka ka ɗauka. Mai ukku tac ce biyu. Ɗiyata Hajo, ga jikata Saratu, 'yar farinta, riƙe da zanenta, tad duƙar da kai tac ce ba ta da kowa. Na gaya mishi gaskiya a zaure, har sau biyu. Yac ce takarda tai wurin maganar uwa, ba ta yi wurin maganar tsohuwa ba.

Na ukku. Ran da mota taz zo da akwatin sanyi, allurar daidai littafi anka kawo. Muna tsaye ƙarƙashin tsamiya tun hantsi, kakanni tara, kowace da jikanta. Anka duba, anka ce babu su, mu koma gida. Na goyo Saratu na koma da ita yadda naz zo da ita.

Sai ga ƙyanda ta shigo gari. Garba, jikan maƙwabciyata Dije, ɗaya cikin taran nan, kwana shida yai, idanu jajir, baki duk gyambo. Ni na riƙe mata shi har yac cika. Da nit tafi in faɗa a rubuta, anka ce wanda ba a rubuta zuwanshi ba, ba a rubuta tafiyatai. To ashe a littafinku ba yaron da ya mutu garinmu. Mu kuwa mun san inda munka kai shi.

Ban ce malaminku mugu ba ne. Bai san mu ba ne, kuma bai saurara ba.

Roƙona, don Allah, ku sake aiko shi, wannan karon shi tambayi kakanni da ungozomomi. Ni ina da sunayen a kaina, na ƙauyenmu da na rugagen Fulanin da ka kewaye da mu. Ku sa Garba a littafi. Ku aiko allurar takwas ɗin da sunka rage, kada ku jira zagayen baɗi. Ciwon yana gida na ukku daga namu, na hana Saratu fita ko ƙofa, amma yarinya mai shekara biyu ba ta ɗauruwa. Kowace safiya sai na buɗe bakinta na duba.

Allah shi ba ka ikon gyarawa, shi raya maka naka zuri'a, manya da ƙanana.

Wassalam.

Taku,
Tumba ungozoma