Murhu ko Mota

Talata, 5 ga Oktoba, 2021

Yau aka sake buɗe Zauren Dattawa, inda tsofaffinmu ke taruwa cin abinci duk Talata da Alhamis, bayan shekara ɗaya da rabi a kulle saboda annoba. Na dafa wake da burodin masara na mutum hamsin kamar yadda na saba. Goma sha tara suka zo.

Muna tsakar ci Royce Begley ya shigo. Shugaban ƙaramar hukuma guda, amma ni har yau yaron nan nake gani mai zagayowa layi sau biyu lokacin da nake girki a firamare. Ya ce gwamnatin tarayya ta turo kuɗin tallafin annoba, an ba ruwan famfo nasu, an ba 'yan kwana-kwana, an ware wa Zaure kasonsa. Sai dai ba zai yi abu biyu ba. Ko sabon kicin, ko ƙaramar bas mai ɗaga keken marasa ƙarfi, da direba, ta riƙa ɗauko mutane daga gidajensu. Kwamitinmu na mutum biyar zai ba da shawara, majalisa ta yanke a watan gobe.

Ni ce shugabar kwamitin. Kicin mana. Murhun nan ya girmi Royce. Kai biyu ke kamawa cikin shida, ƙofar tanderu kuwa da waya nake ɗaure ta.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Hobart Sizemore, ɗan kwamitinmu, ya fara. Shekara talatin a ramin kwal, ƙura ta cinye masa huhu, yana jan tukunyar iska a bayansa duk inda ya nufa, amma bakin nan ko gezau.

"Uwar tukwane, ki yi sabon kicin ki dafa wa wa? Kujeru?"

Na ce, "Ka ajiye cokalina tukuna kafin ka zage ni."

"Ai don waken ba gishiri nake magana."

Ƙarya yake. Kwano biyu ya ci.

Talata, 12 ga Oktoba

Na ɗauko tsohon littafin sunaye. Tara sun rasu, har da Cletus mai goge. Huɗu 'ya'yansu sun kwashe su. Sauran suna nan da ransu, zama gaban talabijin ne ya yi musu daɗi, haka na faɗa a kwamiti. Mai son zuwa zai zo. Ni da nake da saba'in da shida ba kullum nake tuƙo kaina ba?

Na kira Verna Napier. Shekara sittin muna tare, tun muna 'yan mata a ƙungiyar waƙar coci. Ta ce sai mako mai zuwa. Makon jiya ma haka ta ce.

Lahadi, 17 ga Oktoba

A coci na kasa karanta lambar waƙa a allo. Tsakiyar allon kamar an goga man kitso. Na jira aka fara, na bi. Tabarau ne, ya tsufa.

Talata, 19 ga Oktoba

Bayan an tashi na zuba abinci a roba na hau kwarin su Verna. Mil tara, rabinsa tsakuwa.

Na tarar da ita a bakin taga, ta sa rigar fita, da takalmi, jaka a cinya. Na ce ina zuwa haka? Ta yi dariya, ta ce babu. Wai duk Talata da Alhamis haka take shiryawa, ta zauna har ƙarfe ɗaya, sannan ta tuɓe.

Babu mota a ƙofar gida, ni kuwa ban ma lura ba. Ɗanta ya zo daga Ohio tun bara ya sayar, bayan ta daki shingen maƙwabci. Maƙwabcin ke sayo mata kaya ranar Asabar.

Na ce, "Ke ma Verna, ki kira ni mana!"

"Sau nawa zan roƙa, Leta? Sau ɗaya alheri ne, sau goma kaya ne."

Ta ci abincin a tsaye, wai ta saba, zama a tebur ita kaɗai yana hana ta haɗiya. Sai ta ce, "Kada ki yi fushi, ba girkinki nake kewa ba. Surutun nake kewa. Ko na Hobart ne."

Na yi fushin kuwa. Har na iso gida ina yi. Ban san da wa ba.

Juma'a, 22 ga Oktoba

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Ina fita daga harabar Zaure da rana tsaka, na duba gabana, babu kowa. Na taka. Sai ƙara. Tukunyar iskar Hobart ce na daka, ta yi gefe tana birgima, shi kuma ya faɗi zaune a kan ciyawa. Yana gabana sosai. Ban gan shi ba. Na ga bishiya a dama, na ga kwandon shara a hagu, shi da ke tsakiya ban gan shi ba.

Na fito da sauri. Na maƙala masa robar hancinsa, ya daɗe yana jan numfashi. Da ya samu magana sai ya ce, "In kashe ni za ki yi, ki bari a gama ƙuri'a."

Na kasa dariya. Ya ƙura mini ido. Ya ce, "Oleta, je ki a duba idon nan." Bai taɓa kiran sunana ba sai yau.

Ba wanda ya gani.

Laraba, 27 ga Oktoba

Likitar ido ta ce tsakiyar ganin ne ke tafiya, na hagu ya fi. Akwai allura, tana rage gudun abin, ba ta dawo da wanda ya tafi. Ta tambaya wa ya kawo ni. Na ce 'yata tana jira a mota.

'Yata Charlene kuwa tana can Dayton, a Ohio, ba ta san komai ba. Ranar da ta sani, ranar za ta gyara mini ɗakin da ke bayan garejinta. Na ga ɗakin. Tagarsa bango take kallo.

Alhamis, 28 ga Oktoba

Na sayi alƙalami mai kauri. Shafi ɗaya yanzu layi takwas yake ɗauka.

Talata, 2 ga Nuwamba

Kwamiti ya zauna. Tun safe na san da kalma ɗaya Hobart zai gama da ni. Ya yi maganarsa, ya kawo sunayen mutanen da ke cikin kwari ba mota, har da Verna. Ya zo kaina ya wuce. Ko kallona bai yi ba.

Biyu kicin, biyu mota. Saura ni.

Na ce kicin.

Me zan ce? In na ɗaga hannu wa mota kowa zai tambaya me ya canza. Matan kicin suka rungume ni. Hobart ya ja tukunyarsa ya fita, ƙafar keken da ke ɗauke da ita tana ƙara tun ranar nan, ta lanƙwashe.

Na ci nasara. Na dawo gida na kasa cin abinci.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Na zaga gida da buhu ina tsintar goro na daji, don kawai kada in zauna. Ina ta tunani: shekara arba'in da wani abu ina ciyar da mutane, yara sannan tsofaffi, na ɗauka abincin ne ke tara su. Wataƙila su ne ke taruwa, ni kuma in samu abin yi.

Ban ji daɗin wannan tunanin ba.

Talata, 9 ga Nuwamba

Zaman majalisa, ƙarfe goma na safe, a benen kotu. Kansiloli biyar, da Royce a tsakiya, da ɗan jaridar gari. Mutanenmu sun cika benci biyu.

Royce ya ce, "Mama Oleta, bismillah, karanto mana shawarar kwamiti."

Sakatariyar Zaure ce ta buga takardar. Na miƙe, na buɗe. Fari da baƙi, kamar tururuwa a cikin madara. Na matso da ita, na nisanta. Na ji wani yana cewa a ba ta ruwa.

Na ninke takardar. Na ce, "Kwamiti ya zaɓi kicin, uku da biyu. Ta ukun ni ce, kuma na janye. Ba na iya karanta wannan takarda. Sati biyu da rabi da suka wuce na kusa taka mutum da mota da rana tsaka. Akwai irina da yawa a cikin kwarin nan, bambancinmu su an riga an karɓe musu makulli. Ku sayi motar."

Wani kansila, mai shagon kayan gini, ya ce to bayan shekara biyu in kuɗin tarayya sun ƙare, wa zai biya direba da mai? Tambaya ce mai kyau, na tsane shi a kanta. Royce ya ce za a nema a kasafi, ba zai yi alkawarin abin da bai gani ba. Huɗu da ɗaya, mota ta wuce.

A matakala Hobart ya tsaya yana haki. "Kin ɓata mini shiri. Na yi niyyar in riƙa yi miki gori har kabari."

Matan kicin ba su yi mini magana ba. Suna da gaskiyarsu, su ke ƙona hannu a tanderun nan.

Laraba, 10 ga Nuwamba

Ya fito a jarida. Charlene ta kira tana kuka, sannan faɗa, sannan kuka. Na ce ba inda za ni. Mun tsaya a kan ba tuƙi in rana ta yi sanyi, ba hawa babban titi.

Litinin, 17 ga Janairu, 2022

Verna ta zame a ƙanƙarar ƙofar gidanta, ƙugu ya karye. Awa huɗu tana kwance kafin maƙwabci ya gan ta. Ɗanta zai wuce da ita Ohio daga asibiti. Motar kuwa an ce sai bazara, kamfani ba kaya.

Da na ɗaga hannu tun farko ma ba za ta iso ba. Na lissafa, na sake lissafawa. Bai taimaka ba.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Motar ta iso ranar Litinin. Fara, mai kujera goma sha biyu. Direbar wata ce Renita Fugate, a da tana tuƙa motar makaranta, ba ta da yawan magana. Yau mutum talatin da huɗu suka ci abinci. Tsohuwa Icy Combs da aka sauko da ita a kekenta ta riƙa taɓa fuskokin mutane tana kiran sunayensu. Burodi ya ƙone ta gefe ɗaya, ba wanda ya kula. Na kira Verna na ajiye wayar a kan tebur ta ji hayaniyar. Ta daɗe ba ta kashe ba.

Ni ma a bas ɗin na zo. Tayar motata ce ta yi laushi, kuma dai ya kamata shugabar kwamiti ta ga yadda abin ke tafiya. Daga kujerar gefe na ga itatuwan bakin rafi sun yi fure ja. Ashe shekaru ina wucewa, hanya kawai nake kallo.

Da za ta sauke ni, Renita ta ɗauko allon jerin sunaye ta ce, "Mama, in sa ki a jerin kullum?"

Na ce ta rubuta da fensir, kafin a gyara tayar.

Na ji ta danna biro. Na sauka, na ce sai Talata.