Zaren da na rufe wa baki

Juma'a, 4 ga Oktoba 2024

Lariba ta haihu, namiji. Mijinta, ƙanena Sulley, yana can tsakiyar teku a jirgin kifi. Ba waya, sai imel a kwamfutar jirgin. Na aika masa daga shagon kayan mota da nake wa aiki a Suame: ka turo sunan yaro kafin Juma'a mai zuwa. Haƙƙinsa ne, kuma tun ana goyon ciki ya ce kada kowa ya riga shi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Baba Bawah, ƙanen mahaifinmu, ya ce anya zan gani idan Sulley ya amsa? Dariya ta kusa kuɓuce mini. Ni da nake karanta imel a cikin manhajar rubutu, ko linzamin kwamfuta ba na taɓawa. Na yi masa bayani: duk saƙon da ya shigo, injin yana haddace kowace kalma a cikinsa. Ba na jera su a aljihu-aljihu kamar sauran mutane, tambari nake manna musu. Abin da ake kira akwatin saƙo ma a wurina tambaya ce kawai: nuna mini masu tambarin "sabo". Ya ce shi dai a samo suna.

Litinin, 7 ga Oktoba

Shiru.

Laraba, 9 ga Oktoba

Har yanzu ba komai. Lariba ta daina tambayata, wannan ya fi ci mini rai. Na tarar da ita tana kuka a bayan ɗaki, sai na ce mata ai ta san halin Sulley, tun yana yaro in an aike shi sai an aiki mai nemo shi. Ba ta yi dariya ba. Baba ya ce in gobe ta wuce shi zai zaɓa, ba za a tsayar da liman da rago ana jiran teku ba. Na goyi bayansa. Da Sulley ya rubuto da na gani, wannan ba na shakka.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bayan la'asar, don in rufe bakin Baba, na bar akwatin na nemi sunan Sulley kai tsaye. Sai ga saƙonni uku, na farko tun ranar Asabar.

Ga abin da ya faru. Bara, a bikin ƙanwarmu Mubarika, dangi sun cika wani zaren imel, wato jerin saƙo da amsoshinsa, da gardamar launin anko. Na manna wa zaren tambarin shiru, wato duk abin da ya ƙara shigowa cikinsa ya wuce ba tare da ya zama "sabo" ba. Shi kuma Sulley bai iya buɗe sabuwar wasiƙa ba. Tsohon zaren nan yake komawa ya danna amsa, har ga abin da na aika masa daban.

Manhaja ba ta yi kuskure ba. Abin da na ce ta yi shi ta yi.

Na kai wa Lariba kwamfutar har ɗaki, don ta gani da idonta. Ta karanta a hankali, ta ɗago ta dube ni.

"Yaya Sherif, sunanka ne fa ya ce a sa. Wai kai kaɗai ne ba ka taɓa manta shi ba koraa, ko sau ɗaya."

Na ce mata batir zai mutu, na karɓi abina na fita. Kunya ta kama ni sosai.

Asabar, 12 ga Oktoba

An yi suna jiya, liman ya raɗa wa yaro Sherif. Baba nama kawai ya ƙara mini, wanda ya fi zagi zafi.

Tsarina yana nan daram, har gobe babu kamarsa. Tambari ɗaya kawai na cire. Zaren ankon ya dawo da duk gardamarsa, na bar shi a saman allo. Yau na leƙa shi kafin in karya, na sake leƙawa bayan azahar. Gwaji ne kawai.