Man Keken da Kika Aiko Mini, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara mai ɗinki, wadda ke kwance a Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa a durƙushe, da fatan makwancinki ya yi sanyi da haske, autarki Rabi ce ke rubuto miki daga Greensboro ta Amurka. Na san babu mai kai miki wannan takarda. Amma kin ce in na hau dutsen in zo in gaya miki abin da ke samansa, ke kuwa ba a yi miki aike a dawo babu bayani.

Kin tuna ranar da na ce miki na sayi keke? Katin wayata ya kusa ƙarewa, ina magana da sauri, sai na ji kin rangaɗa hamdala kin ce, "Auta ta dawo hanya." Na ajiye waya ina mamakin yadda motsa jikina ya faranta miki rai haka.

Sai da Alhaji Sani, ɗan garinmu da ke zaune a nan, ya dawo daga gida ya miƙo mini ƙunshinki, sannan na gane. Allurai, zare kala-kala, almakashi, da 'yar kwalbar man keke da kika naɗe da ƙyalle kika ɗaure da leda. Keken ɗinki kika zata. Na zauna a falonsa ina dariya har matarsa ta kawo mini ruwa.

Na kira na warware miki. Kika ce, "Keken titi? Da girmanki?" Sannan kika ce, "To, shi ma ai da ƙafa ake taka shi. Ki riƙe man."

Ba ke kaɗai kika yi mamaki ba. Matan garinmu na nan sun sha magana a gidajen suna, wai Rabi ta zautu, tana da mota tana bin titi da hular kwano a kan ɗankwali. Ban kula su ba, kin san halina. Duk ranar da ba ni da aiki a gidan tsofaffi sai in nufi Summerfield, wani ƙauye kusa da mu, inda dawakan Turawa ke leƙo kai ta shinge suna kallona ina haki. Linda, abokiyar aikina, ita ta koya mini hawan tudu da canza giya. Giyar keke nake nufi, Inna, kada ki zabura.

Ita ce kuma ta nuna mini hoton duwatsun jihar Colorado, ta ce akwai hanyoyin da ke tsallake su ta sama, mutane na hawa da keke. Da na ba ki labari, kika ce ai kin san dutse, kin ga na Damagaram da kika je biki, yara ma hawansu suke yi. Kika ce, "Ki hau, ki zo ki gaya mini abin da ke sama."

Ba ki jira ba. An rufe ki tun ban tashi daga aiki ba, kuma ban samu zuwa ba sai bayan arba'in. Kwalbar nan kuwa na ɗora ta a tagar ɗakina, ban taɓa buɗe ta ba. A zuciyata, muddin man yana nan, akwai abin da hannunki ya ɗaure wanda bai ƙare ba.

Bana na tafi, ni da Linda, da jakunkuna a ɗaure a kekuna, muna kwana gari-gari. Na sa kwalbar a jaka don ta raka ni, ba don in yi amfani da ita ba.

Inna, na Damagaram ba duwatsu ba ne. Ki yi haƙuri, amma gaskiya ke nan. Ranar hawa mafi girma mun fita da sanyin safe, na ɗaga kai ina neman inda dutsen ya ƙare, hulata ta tokare bayan wuyana ban ga ƙarshensa ba. Hanya tana naɗewa a jikinsa kamar zare a kwarkwaro, in ka sha kwana ka zaci ka gama, sai wata ta fito a samanka. Ruwa na zubowa daga tsagin duwatsu fari fat, da ƙara, babu mai ɗiba, babu mai layi. Na tuna yadda kike tattalin tulu ɗaya.

Mun yi da Linda kowa ya tafi da ƙarfinsa, mu haɗu a sama kafin azahar, domin da rana ta karkata hadari ke haɗuwa a can, tsawa kuma ba ta da abin faɗa wa sai kai. Ta yi gaba, na bi a hankali.

Can sai itatuwa suka fara gajarta, suka zama kamar yara, suka zama kamar ciyawa, sannan suka ƙare. Akwai inda itace ba ya iya wucewa, Inna, ni kuma na wuce wurin da ƙafata. Iska ta zama marar kauri, ina jan ta baki buɗe amma ƙirjina bai cika ba. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye miki ba. Ban taɓa sanin ƙanƙantata ba sai ranar.

Sai ga yayyafi da ƙanƙara ƙanana kamar gero. Bai daɗe ba, amma ya wanke sarƙar kekena, yashi ya shiga. Ta fara kuka, ta fara tsalle, giya ta ƙi shiga, daga baya ta zame gaba ɗaya. Na mayar, ta sake zamewa. Man da muke amfani da shi yana jakar Linda, Linda kuma ko ƙurarta ba na gani. Gajimare yana taruwa. Ko in juya in gangara, in dawo ba ni da abin gaya miki, ko in buɗe kwalbarki.

Na daɗe a tsaye. Na yi miki fushi ma, wallahi, na ce cikin raina me ya sa kika tafi kika bar ni da kwalba.

Na kwance ledar da haƙori don yatsuna sun ƙage. Da na buɗe, ɗakinki ya fito: sabon yadi, turaren wuta, da ke kanki a zaune kin ɗora tabarau a hanci. Na zuba man, rabi ya shiga sarƙa, rabi ya tsiyaye a kwalta. Na yi kuka a nan wanda ban yi a Maraɗi ba.

Da na hau, kukan sarƙa ya ɗauke. Abin da ya rage wani sauti ne siriri, a jere, wanda na sani tun ina goye. Na tuna yadda kike cewa in na zauna a kekenki ina dannawa da ƙarfi, "Kada ki yi kokawa da shi, ki bi shi." Na daina kokawa. Na bi shi, ƙafa bayan ƙafa, kamar ina ɗinke hanyar.

To, ga saƙonki. A sama babu komai, kuma akwai komai. Dusar ƙanƙara ce kwance a tsakiyar watan zafi, na ɗiba ta ƙona mini tafi. Duwatsu ne bayan duwatsu, shuɗi bayan shuɗi, har inda ido ya gaji. Gajimare na wucewa ta ƙasana, na ga inuwarsa tana tafiya a kwari. Shirun wurin ya sa na ji bugun zuciyata. Bakina ya kasa komai sai Subhanallah, na yi ta maimaitawa. Linda ta rungume ni ta ce ruwan da ya sauka a nan kashi biyu yake rabuwa, na gabas yana tafiya har tekun da ke taɓa Afirka. Na matsa na tsaya ta gabas.

Mun gangaro kafin tsawa ta fara. Man ya ƙare, Inna, ko ɗigo babu. Na zaci ranar da ya ƙare zan sake rasa ki, sai ga shi ban ji haka ba. Kwalbar na nan a taga, wayam, alluranki da zarenki kuma na fito da su daga akwati.

Makon jiya wata tsohuwa a Summerfield ta baza kayan gidanta a bakin hanya tana sayarwa. Na tsaya shan ruwa, na ga wani abu baƙi mai ƙafar ƙarfe irin naki a ƙarƙashin bishiya. Washegari na koma da mota. Inna, na sayi keke. Wannan karon kin yi daidai.

Allah Ya jiƙan ki da rahama, Ya yafe miki, Ya sa kin huta. Ya ɗaukaka ki zuwa inda ya fi wanda na gani tsawo da kyau, Ya haɗa mu a can in tawa ta zo. Amin.

Taki har kullum,
Auta.