Wayifai a Cikin Akwatin Ƙarfe

Litinin, 23 ga Satumba, 2024
'Yata Abibata ta sake yini tana ƙorafi. Wai wayifai yana zuwa yana ɗaukewa a laftof ɗinta, ga intabiyun makarantar nas za a yi mata ta bidiyo Larabar mako mai zuwa. Na ce laifin na'ura ne ko na mai ita? Shekara goma sha tara, asuba sai an tashe ta sau uku.

Alhamis, 26 ga Satumba
Ɓarayi ne. Gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya a unguwar Maamobi, kowa da waya, ba mai sayen data. Shi ya sa tun watan jiya, da na yi wa 'yar na'urar wayifai ɗin caji da safe sai in kulle ta a akwatin ƙarfena na aure, ƙarƙashin gado. Makulli a bakin zanena.
Yau na tare Amama maƙwabciyata a bakin famfo. Na ce mace da jikoki tana jan sabis ɗin marainiya, ba kunya. Ta ce, "Zuwera, wayata ko hoto ba ta yi." Ta ɗaga ta kowa ya gani. Ta yi hawaye. Ai mai laifi ma yana hawaye.

Asabar, 28 ga Satumba
Abibata ta kashe laftof ta kunna. Ta goge sunan wayifai ta sake sa shi. Mun canja lambar sirri. Ta ɗauki laftof ɗin ta zagaya falo kamar mai turare ɗaki. Minti biyar, ya yanke.

Lahadi, 29 ga Satumba
Abin da na lura da shi: duk lokacin da na buɗe akwati na ɗauko carbi da tabarau na zauna sauraron tafsiri a laftof ɗinta, sabis ba ya ko tari. Da na mayar da su na kulle na tashi na bar mata, ya mutu. Na ce mata ko na'ura ta san goshin da ke taɓa ƙasa.
Ta ce, "Mma, ko akwatin ne ke tare shi?"
Akwatin da uwata ta ba ni! Na ce so take in fito da shi ta riƙa hira da samarin unguwar Nima son ranta. Na yi sakandare kafin a haife ta, na san iska ba ta neman izinin ƙarfe. Ban bar mata abincin rana ba, ta ci wayonta.

Talata, 1 ga Oktoba
Ta durƙusa. "Gobe kawai, Mma. Awa ɗaya." Na ce mai gyara tsakaninsa da Allah ba ya roƙon makulli.

Laraba, 2 ga Oktoba
Kasuwar Nima. Atamfa ta tafi sosai.
Na dawo la'asar na tarar da ita da farar rigar da ta goge jiya, laftof a buɗe. Sau huɗu ya yanke. A na huɗun matar da ke mata intabiyu ta ce lokacinta ya ƙare, akwai masu jira. Na ce da rabonki ne da bai yanke ba, sai ki binciki kanki. Ba ta yi kuka ba. Kallona kawai. Ban son wannan kallon, na ubanta ne.

Juma'a, 4 ga Oktoba
Na kira Tajudeen mai gyara don in rufe bakin kowa. Ya duba laftof ya ce ƙalau. Ya ce ina na'urar? Na kwance makulli a gabansa. Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "Ei, Mma Zuwera! Kin sa ta a kurkuku kina so ta yi magana? Ƙarfe yana cin sabis." Ya rufe murfi, layukan sabis suka faɗi zuwa ɗaya. Ya buɗe, suka cika. Sau uku ya yi, kamar ni yarinya ce. Abibata tana tsaye, Amama tana leƙe ta labule.
Mutumin nan ba shi da ladabi tun yana ƙarami.

Lahadi, 6 ga Oktoba
Abibata ta tafi unguwar Malam wajen ƙanwata Lariba. Wai taya ta shago. Laftof ɗin ma ta bari.

Laraba, 9 ga Oktoba
Ban fita kasuwa ba. Ciwon kai.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na ɗora na'urar a kan taga. Akwatin ne ke bukatar shan iska, ba wani abu ba.
Na yi tuwo ya yi yawa, hannuna ya saba da na mutum biyu. Na miƙa wa Amama ragowar. Ta karɓa.
Na buɗe laftof don tafsiri, ban san yadda na faɗa shafin makarantar ba. Za su sake ɗaukar wasu a Janairu. Na kira Lariba na gaya mata, ko wani zai so ya sani. Ta ce, "Yaya, ga ta nan, in ba ta wayar?" Na ce a'a, ina da wanki.
Tun safe layuka huɗu cif. Bai yanke ba ko sau ɗaya.