Manhajar da Marigayiya Ta Bar wa Teloli

Mabera, Sakkwato.

Zuwa ga Yayana Ɗahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Yaya ruwan Fatakwal, yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan Alhamdu lillahi. Inna ta fara cin abinci kamar da, sai dai har yanzu in ta zuba tuwo sai ta zuba da kwanon marigayiya, sannan ta tuna. Ƙanwarta Sadiyatu ta koma makaranta, ni ma na buɗe keken ɗinkina bayan sadakar arba'in.

Yaya, kan maganar manhajar nan ce ta ɗiyarka marigayiya, wadda ta haɗa don teloli su riƙa ajiye awon mutane a waya. Ranar Talata na gane abin da ya faru, ina zaune a falon Malama Lydia, wadda ta koyar da ita kwamfuta a sakandare. Ka tuna na kira ka ina kuka, na ce na je sayen zare Gidan Igwai na ga aikinta a wayar wani tela Elisha, an canza launi, an sa wani suna. Kai ma ranka ya ɓaci, ka buɗe shafinta na intanet, ka karanto mini inda aka rubuta cewa ba a yarda kowa ya kwafi abin da ke shafin ba, ka ce za ka ɗauki lauya a rufe abin. To, na kai wa Malama maganar. Ta saurare ni har na gama, ta ce in sha ruwa tukuna, wai ɓarawon ba zai gudu ba tunda babu shi.

Ta nuna mini takardu biyu ne, tare muka karanta. Wadda ka gani sharuɗɗan amfani da shafin ne. Su suka tsare hotunanta da bayanan da ta rubuta a can, da yadda baƙo zai yi in ya shiga. Ita manhajar tata takardar daban, lasisi ake ce mata, tana tafe da ita duk inda ta je. A ciki marigayiya ta yarda kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani, ko sayarwa zai yi ba ta hana ba. Na ce ban gane ba, ka san ni iyakata firamare. Sai ta ce in ɗauka mutum ya gina rijiya a ƙofar gidansa ya ce ta jama'a ce. Dokar shiga cikin gida tana nan, ba mai ɗaukar ko tabarma, amma wanda ya ja ruwa a waje ba a ce masa ɓarawo. Nan na gane, Yaya. Ashe kyauta ta yi da hannunta, ni kuwa kwana tara ina Allah ya isa ga mutumin da bai ci mini komai ba. Na yi istigfari.

Na koma wurin Elisha na ba shi haƙuri. Ya yi dariya, ya ce ranar da na fara zuwa ya zaci riga ya ɓata mini, irin kallon da na yi masa. Ya ce da a bangon shago yake rubuta awo da alli, kullum sai an yi rigima, yanzu wata bakwai ba wanda ya dawo masa da wando ya ce ya ɗangale. Wani mutumin Kaduna ne ya ƙara wa manhajar awon babbar riga ya raba wa teloli. Da na gaya masa wadda ta fara ta ta rasu, sai ya tsayar da kekensa ya yi mini ta'aziyya.

Abu ɗaya ne Malama ta ce an saɓa. Sharaɗin lasisin shi ne a bar sunan mai ita a ciki, mutumin Kaduna kuwa ya cire, ko da gangan ko mantuwa, Allah masani. Ka san 'yar fari ce gare ni, shekara ashirin da huɗu ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko wance. Yau ga shi zan rubuta, Zakiyya. Ba don a yabe ta nake so ba, don mai awon riga ya gani ya ce Allah Ya jiƙanta. Saboda haka ina roƙonka, don zumuncin da ke tsakaninmu, ka bar maganar lauya. In aka rufe, ladarta muka tare. Alheri gadon barci ne, ita ta riga ta shimfiɗa nata.

Ka gaishe da Maimunat, ka ce na gode da turaren. A gaida Abdulshakur da Ummulkhairi, Allah Ya yi musu albarka. Inna na sa maka albarka, tana tambaya ko za ka zo Babbar Salla.

Malama ta samo adireshin mutumin, ga shi a bayan takardar nan. Da Turanci za a rubuta masa, cikin lalama, kai ka iya. Har yanzu ba a rubuta ba, sunanta kuma bai koma ba.

Wassalam, ƙanwarka,
Kulu